Katantanwar teku a tankin kifin gida: abin da wanki ke cirewa da abin da ba ya cirewa

Nijar ba ta da gaɓar teku, amma katantanwar teku ba ta wuyar samu a Yamai. Masu zuwa Lome da Kwatano kan dawo da ita tsaraba, masu aikin hannu a Wadata suna ɗinka wuri a jikin jaka da ƙwarya, masu sayar da abincin kaji kuma suna da dakakken ɓawon kawa a buhu. Mai tankin kifi na gilashi, wanda wasu ke kira akwariyom, in ya ga kayan nan sai ransa ya biya, ya so ya ƙawata ƙasan tankinsa da su. Daga nan ruɗani ke farawa. Wani mai kiwo zai ce masa kada ya kuskura, gishirin teku zai kashe masa kifi. Wani ya ce ya tafasa ta minti goma kawai, shi ke nan. Na uku ya ce shekara da shekaru tankinsa cike yake da wuri, bai taɓa ganin komai ba.

Kowannensu yana da hujja, sai dai wanka ne da kamar jirwaye. Tambayoyi biyu ne aka cakuɗa wuri guda. Ta farko ta tsabta ce: me ke manne a jikin katantanwar ko ɓoye a cikinta? Wannan wanki na maganinta. Ta biyu ta shafi abin da aka halicci katantanwar da shi, kuma babu tafasawa ko jiƙon da zai sauya shi.

Kalmomin da ya kamata a fara rarrabewa

Katantanwa a nan na nufin duk wani ɓawo mai tauri da dabbar ruwa ke zama a ciki: mai murɗe irin ta dodon koɗi, mai murfi biyu irin ƙumba da kawa, da kuma wuri, wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi har jam'insa ya zama kalmar kuɗi. Kusan kashi 95 cikin 100 na jikinta sinadari ɗaya ne, kalsiyam kabonet. Shi ne a ɓawon ƙwai, shi ne kuma a farin dutsen da ake haƙa a Malbaza ana yin siminti. Ragowar ɗan furotin ne da ke ɗaure sinadarin, tare da wata fata mai duhu da ke rufe bayan wasu nau'o'in.

Sai ma'aunai uku na ruwa. Na farko pH, ma'aunin da ke nuna ko ruwa ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. Lamba 7 ce tsakiya, ƙasa da ita tsami, sama da ita ɓangaren kanwa. Matakansa ba na ƙidaya ɗaya-biyu ba ne: ruwa mai pH 6 ya ninka mai pH 7 tsami sau goma. Saboda haka tashi daga 6.8 zuwa 7.8, wanda a takarda ba ya kama ido, babban sauyi ne a jikin kifi.

Na biyu KH, wato ƙarfin da ruwa ke da shi na shanye tsami ba tare da pH ɗinsa ya faɗi ba. Duk wadda ta taɓa jefa ɗan gutsuren kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsaminta ta ga wannan aikin da idonta. Na uku GH, yawan kalsiyam da maganiziyam da suka narke a ruwa. Ruwa mai GH da yawa shi ne ruwa mai nauyi, wanda sabulu ke ƙin yin kumfa a cikinsa, yake kuma barin farin ɓamɓaroki a gindin butar shayi. KH da GH da digiri ake auna su, digiri ɗaya kuma daidai yake da miligiram 17.9 na kalsiyam kabonet a lita ɗaya.

Abin da katantanwa ke yi a cikin ruwa

Tankin kifi kullum tsami yake haifarwa. Kifaye na fitar da iskar kabon dayoksaid, ta narke ta zama tsami mai rauni. Kashinsu da ragowar abinci na zama ammoniya, sinadari mai dafi ga kifi, bakteriyar da ke zaune a matatar ruwa, wato filta, su mai da ita naitirait sannan naitiret, kuma a kowane giram ɗaya na naitirojin ɗin ammoniya da suka sarrafa, suna cinye kusan giram 7 na garkuwar KH. Wannan tsamin shi ke cin jikin katantanwa a hankali, ya saki kalsiyam da kabonet cikin ruwa. GH ya hau, KH ya hau, pH ya bi su.

Lissafin ba shi da wuya. A tanki mai lita 100, giram 1.8 kacal na katantanwa in ya narke zai ɗaga KH da digiri ɗaya, GH ma da digiri ɗaya. Nauyin wuri ɗaya ko biyu ke nan. Ba a rana ɗaya yake narkewa ba, amma wanda ya shimfiɗa rabin kilo a ƙasan tanki ya ajiye wa ruwansa ma'adinin da ba zai ƙare ba cikin shekaru.

Akwai birki a cikin tsarin. Narkewar tana da sauri in ruwa na da tsami, tana raguwa sosai in pH ya haura 7.5, tana kusan tsayawa a wajen 8.2 zuwa 8.3. Katantanwa ita kaɗai ba ta kai ruwa inda kanwa ke kai shi, shi ya sa ba a kwatanta haɗarinsu. Yawancin tankunan da ke da ita kan daidaita tsakanin 7.5 da 8.2. Wannan ne ya sa mutum biyu za su sa wuri iri ɗaya su ga sakamako daban: wanda ruwansa dama ya kai 8 ba zai ga sauyi ba, wanda nasa ke 6.6 zai ga ya hau da fiye da mataki guda cikin makonni. Girman gutsure ma na da tasiri. Dakakken ɓawon kawa ya fi cikakkiyar katantanwa mai nauyi ɗaya da shi saurin narkewa nesa ba kusa ba, domin fuskar da ruwa ke taɓawa ta fi yawa, in kuwa an sa shi cikin filta inda ruwa ke gudu, saurin ya ƙaru.

Ruwan Yamai daban, na Tawa daban

Ruwan famfon Yamai daga kogin Isa yake, ana tace shi a Gudel da Yantala. Ruwan kogin mai sauƙi ne, ma'adinan da suka narke a cikinsa kaɗan ne. A irin wannan ruwa katantanwa ta fi yin tasiri, ta alheri ko ta akasin haka. Kogin kuma ba fuska ɗaya yake da ita duk shekara ba: akwai jan ruwan damina da kogunan Sirba da Dargol da Gorwal ke kwararowa da shi, akwai baƙin ruwan da ke isowa daga Gini a lokacin sanyi, maganin da ake zubawa wajen tacewa kuma yana bin yanayin ruwan. Awon da aka yi a Janairu ba zai wadatar a Agusta ba.

A Tawa ruwan ƙarƙashin ƙasa ake sha, na rijiya da na foraji. Duwatsun Adar tsohon gindin teku ne, shi ya sa ake tsintar katantanwar da ta zama dutse a kan tuddan yankin. Rijiyar da ruwanta ya ratsa farin dutse takan ba da ruwa mai nauyi, wanda ya riga ya ƙoshi da kalsiyam, katantanwa a cikinsa kusan ado ce kawai. Foraji mai zurfi da ya kai dutsen yashi na iya ba da ruwa mai sauƙi. Unguwa biyu a gari ɗaya na iya bambanta. Kuma waɗancan katantanwun dutse na Adar, in an sa su a tanki, hukuncinsu ɗaya da na teku, domin sinadarin bai sauya ba.

Masu hanawa, masu yarda, da masu cewa ya danganta

Masu hanawa galibi masu kiwon kifayen ruwa mai sauƙi ne: tetira neyon, diskus, sikalar, da sauran waɗanda asalinsu kogunan Amazon ne, inda wasu rassan kogin ke da pH ƙasa da 5. Waɗannan sun fi walwala tsakanin 6 da 7, kuma ko sun rayu a ruwa mai nauyi, ƙwansu kan ƙi ƙyanƙyashewa. Masu shuka tsirrai a tanki ma na wannan layin, domin in pH ya hau, sinadarin ƙarfe na wuyar shiga jikin tsiro, sabon ganye ya fito rawaya. Wanda ke hura wa tsirransa kabon dayoksaid kuwa, tsamin da yake ƙarawa da kansa shi zai riƙa cin katantanwar ba tsayawa, KH ya yi ta hawa. A nan hujjarsu ba ta da makusa. Inda suka wuce gona da iri shi ne mai da wannan doka a kan kowane tanki.

Masu yarda su ne masu gufi, moli, filati da jan kifi, da masu kifayen tafkunan Malawi da Tanganyika. Ruwan Malawi na tsakanin 7.7 da 8.6, na Tanganyika har kusan 9. Akwai ma ƙananan kifayen Tanganyika, irin su Neolamprologus multifasciatus, da a cikin katantanwa suke kwana suke haihuwa, babu ita babu kiwonsu. Dodon koɗin ado da jatan lande ma suna bukatar kalsiyam don gina jikinsu, a ruwa mai sauƙi sai ka ga ɓawon dodon koɗi ya yi fari-fari yana ɓurmawa daga tsini. Ga mai gufi da ke amfani da ruwa mai KH digiri 1 ko 2, ɗan dakakken ɓawo a filta kariya ce daga faɗuwar pH ta farat ɗaya, wadda ke faruwa in bakteriya sun cinye garkuwar ruwan kaf. In pH ya sauka ƙasa da 6, su kansu bakteriyar kusan tsayawa suke da aiki. Raunin wannan ɓangare shi ne sakaci da wanki, da ɗaukar cewa abin da ya yi a tankinsu zai yi a na kowa.

Idan aka auna, masu cewa ya danganta sun fi kusa da abin da awo ke nunawa, muddin sun faɗi abin da ya danganta da shi: irin kifin, da KH da pH na ruwan da ake zubawa.

Gishiri ba shi ne matsalar ba

Ruwan teku na da kusan giram 35 na gishiri a lita. Babbar katantanwar da ta riƙe mililita 10 na ruwan teku ta bushe da shi tana ɗauke da giram 0.35. A tanki mai lita 100 wannan bai kai miligiram 4 a lita ba, abin da kifi ba zai ko ji ba, kuma jiƙon kwana ɗaya na wanke shi. Yawancin ƙwayoyin cutar kifin teku ma ba sa jure bushewa da ruwan daɗi.

Abin da ke kashe kifi da gaggawa nama ne. Dabbar da ta mutu a cikin katantanwa mai murɗe takan bar guntun jikinta can ƙarshen lungu, inda yatsa ba ya kaiwa. A bushe ba ya wari. Da zarar ya jiƙa a ruwa mai ɗumi sai ya fara ruɓewa, ruwa ya yi hazo, ammoniya ta hau, iskar shaƙa ta ragu. A nan tambayoyin nan biyu ke haɗuwa su yi muni, domin dafin ammoniya na bin pH da zafi. A ruwa mai digiri 30, in pH na 7, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na ammoniyar ce ke cikin siffa mai dafi. In pH ya kai 8, kason ya haura kashi 7. Katantanwar da ba a wanke ba ita ke kawo ammoniyar, ita kuma ke ɗaga pH ɗin da ke ƙara mata kaifi.

Katantanwar kogi da ta magudanan gonakin shinkafa, wadda mutane ke ganin ta fi aminci tunda ta gida ce, ita ta fi bukatar taka-tsantsan. Tana iya zuwa da ƙwan dodon koɗi, da matsattsaku, da cututtukan da suka saba da ruwan daɗi. Ƙananan dodon koɗin nan masu rai kuma su ne ke ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke shiga ta fatar mutum. Kada a tura yara tsinto su cikin ruwa, kada kuma a sa mai rai a tanki.

Zaɓe kafin wanki

Wasu ba a ɓata musu ruwa. Duk wadda aka yi wa fenti, ko aka shafa wa banish, ko take da gam ko zoben ƙarfe, a bar ta a kan kanta. Haka wurin da aka ciro daga tsohuwar jaka, kitso ko laya, domin ya sha mai da turare da rini, ƙananan ƙofofin jikinsa kuma sun riƙe su. Gane banish a jikin wuri na da ɗan wuya, tunda shi dama ƙyalli gare shi. A jiƙa auduga da asiton, abin goge jan farce, a goga a gefe: in ya yi danƙo ko launi ya biyo audugar, an shafa masa wani abu. A kuma ɗan karce ƙasansa da magagari a ɗiga ruwan lemun tsami. Na gaske zai fitar da ƙananan kumfa, na roba ba zai yi ba. Wurin da aka yanke wa baya don ɗinki, in sabo ne, ya fi kowanne sauƙin wanki, domin cikinsa a buɗe yake.

Masu ƙaya da masu kaifin baki kan yaga jelar gufi da bindin kifin faɗa. A goge kaifin da sanfefa a cikin ruwa don kada a shaƙi ƙurar.

Wankin kansa

A fara da jiƙo a bokitin da bai taɓa ganin sabulu, Omo ko Grésil ba, kwana 2 zuwa 3, ana sauya ruwa kullum. Wannan na fitar da gishiri da yashi, yana kuma tausasa busasshen nama. In ta zo da nama ɗanye da yawa, a ajiye ta a inuwa kusa da ramin kiyashi kwana biyu, suna shiga inda waya ba ta shiga.

Sai tafasa. A sa ta a tukunya da ruwan sanyi ya rufe ta, a ɗora, in ya tafasa a ƙirga minti 15 zuwa 20, a sauke a bar ta ta huce a cikin ruwanta. Jefa ta a tafasasshen ruwa, ko tsamo ta da zafi a tsoma a na sanyi, na sa ta tsage, wuri kuma ƙyallinsa ya yi zane-zane. Da ɗuminta a zaƙulo ciki da lanƙwasasshiyar waya, a fesa ruwa da sirinji marar allura, a girgiza, a maimaita har ruwan ya fito garau. Bayanta a goge da tsohon buroshin haƙori.

Ga gwajin da ba ya ƙarya: a sa ta a jiƙe cikin roba mai murfi, a ajiye a rana rabin yini, a buɗe a sansana. In akwai ƙarni ko ɗoyi, da saura, a koma kan jiƙo da tafasa.

Jabel, ruwan kulorin na farar da tufafi, ba dole ba ne ga buɗaɗɗiyar ƙumba da aka tafasa, amma yana da amfani ga mai murɗe, domin yana narkar da naman da ba a gani. Sharaɗi shi ne ya zama tsantsa, marar ƙamshi, marar kumfa. A duba jikin robar. Mai kashi 2.6 cikin 100, a zuba awo 1 a ruwa awo 9. Mai kashi 9.6, a fara sirka shi da ruwa awo 3, sannan a yi waccan sirkin. Minti 30 ya isa. In ana so a cire baƙar fatar baya, a kai awa 2 zuwa 3, da sanin cewa launi da ƙyalli za su ragu. A juya katantanwar a cikin ruwan har iskar da ta maƙale ta fito, in ba haka ba jabel ɗin ba zai kai ƙarshen lungu ba. Jabel ɗin da ya daɗe a shago cikin zafi ya rasa ƙarfi, in ba ya wari sosai a nemi sabo. Ba a tafasa jabel, ba a kuma haɗa shi da binega ko lemun tsami, domin haɗin na fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. A yi aikin a tsakar gida, nesa da yara.

Cire jabel ɗin ya fi sa shi muhimmanci. A ɗauraye sau da yawa, sannan a jiƙa awa 24 a ruwan da aka zuba wa maganin kashe kulorin ninki uku na abin da aka rubuta. Wanda ba shi da maganin, ya jiƙa kwana 3 yana sauya ruwa safe da yamma. Daga nan a shanya a rana kwana 2 zuwa 3, baki na kallon ƙasa ranar farko don ruwan ciki ya tsiyaye. Ranar Yamai da ta Tawa na gama wannan aiki da kyau. In har hanci na jin jabel, ba ta shirya ba.

Binega kuwa, akwai masu cewa jiƙo a cikinsa na cire kalsiyam ɗin katantanwa ta zama lafiya. Kalsiyam ɗin shi ne katantanwar. Binega zai ci bayanta, ya bar ta da kaushi, kaushin kuma ya sa ta fi saurin narkewa a tanki. Amfaninsa bai wuce tsomawa ta daƙiƙa 30 don cire wani tabo ba.

Gwajin bokiti biyu

Bayan duk wannan, tsugune ba ta ƙare ba, tambaya ta biyu na nan. A tari ruwan da ake zuba wa tanki a bokiti biyu, lita 10 kowanne, a bar su a buɗe kwana ɗaya ko biyu. Wannan jiran na da dalili: ruwan da ya fito daga famfo ko foraji yanzu-yanzu na ɗauke da iskar da ke ɓoye ainihin pH ɗinsa. A auna pH da KH a rubuta. A sa katantanwa a bokiti ɗaya, kashi ɗaya cikin goma na abin da ake son sawa a tanki mai lita 100, ɗayan a bar shi haka. A sake awo rana ta 3 da ta 7, a haɗa da awon ammoniya. Bambancin da ke tsakanin bokitan biyu shi ne aikin katantanwar. In ammoniya ta bayyana ko ruwa ya yi hazo, wankin bai kammala ba. A tuna kuma cewa bokiti ba shi da kifin da ke haifar da tsami, don haka a tanki narkewar za ta ɗan fi haka.

Kayan awo na ɗigo sun fi na tsinken takarda, wanda zafi da laima ke lalatawa da wuri. Na masu kula da wurin ninkaya yana auna pH daga 6.8 zuwa 8.2, ya isa wannan aiki. Ruwan zoɓo ma na sauya launi, ja a tsami, ya koma duhu mai kore-kore a ruwan kanwa, amma ba ya iya bambanta 7.2 da 7.8, bambancin da ake nema ke nan.

Bayan ta shiga tanki

A fara da kaɗan. Don ado, biyu ko uku matsakaita a lita 100, a auna bayan mako kafin a ƙara. Don ɗaga KH da gangan, cokalin miya ɗaya na wankakken dakakken ɓawo ga kowace lita 50, a ɗaure a cikin safar nailan a sa a filta, inda za a iya cirewa ko ragewa. Cakuɗa shi da yashin ƙasa na sa cirewa ta gagara. Kada a yanki gidan sauro a yi wannan ƙunshin: na zamanin nan da maganin ƙwari a jikin zarensa, kaɗan daga cikinsa na kashe kifi. Dakakken ɓawon na buhun abincin kaji kuma a tabbatar ɓawo ne zalla, ba a gauraya shi da garin ƙashi ko gishiri ba, a wanke shi har ruwan ya daina fari, a tafasa.

Kifi ya fi jure pH ɗin da bai yi masa daidai ba amma tsayayye, a kan wanda ke hawa da sauka. Abin da ake so kada sauyin ya wuce 0.2 zuwa 0.3 a rana. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar tanki wata biyu ba a taɓa ba, katantanwa ta kai shi 8, sannan rana ɗaya a kwashe rabi ko fiye a zuba sabon ruwa mai sauƙi. Kashi 20 zuwa 25 cikin 100 kowane mako ya fi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ruwa na ƙafewa da sauri ya bar ma'adinansa a baya. Wanda ke cikawa kawai ba ya kwashewa, nauyin ruwansa zai yi ta taruwa. Ɗaukewar wuta kuma na tsai da filta da injin iska a daidai lokacin da ruwan ɗumi ke riƙe iskar shaƙa kaɗan: kusan miligiram 7.5 a lita a digiri 30, alhali a digiri 20 ya haura 9. Dattin da ya taru a cikin katantanwa a irin wannan dare ne yake nuna kansa, don haka a riƙa ɗaga ta ana girgizawa a ruwan da aka kwashe duk ranar sauyi.

Ramin katantanwar ma tarko ne. Kifi mai son ɓuya kan kutsa ya kasa juyowa, musamman kurungu, wanda ke kafa ƙayoyinsa in ya tsorata. In kifin da ke tankin ba mazaunin katantanwa ba ne, a toshe bakin da silikon na gilashi zalla, wanda ba a sa wa maganin fumfuna ba, a bar shi ya bushe aƙalla awa 48. In kuma za a yi wa kifi magani mai sinadarin tagulla, a fitar da katantanwar tukuna, domin tana tsotse shi ta rage masa ƙarfi, daga baya ta sake shi a hankali ya kashe dodon koɗi da jatan lande.

Ga wanda kifinsa ba ya so

Wasu kan lulluɓe katantanwa da ruwan efoksi, wani gam da ke bushewa ya yi tauri kamar gilashi, don kada ruwa ya taɓa ta. Yana aiki in efoksin irin wanda ya dace da ruwan sha ne, ya bushe sarai, an kuma toshe baki, tunda cikin murɗe ba ya shafuwa. Tsaga ɗaya ta isa ruwa ya shiga, kuma banish ɗin kafintoci ba madadinsa ba ne. Mafi sauƙi shi ne a sauya kayan adon: ƙaramar tukunyar ƙasa sabuwa wadda ba a shafa wa komai ba, ƙoƙon kwakwa da aka tafasa sau biyu ko uku, ko tsakuwar da ba ta kumfa in an ɗiga mata lemun tsami.

Mai sayo manyan katantanwu daga waje kuma ya san cewa wasu na ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, wadda Nijar ke cikinta tun 1975. Ƙatuwar ƙumbar nan ta Tridacna, da katantanwar notilus, da murjani mai tauri, ketare iyaka da su na iya bukatar takardar izini, jami'an kwastan kuma na da hurumin riƙe su. Wuri da ɓawon kawa da ƙananan da ake tsinta a bakin ruwan Lome ba sa cikin wannan jerin.